Lambar da Kawu Ya Rantse Ba Ta Rabuwa

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Ɗigo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki yana tafiya, kuma kina cin abinci a kan lokaci, ba kamar yadda mahaifiyarki ke ba ni labari ba. Mu nan lafiya lau. Gwiwata ta hagu ce dai take nuna min ita ce babba a gidan, sai na lallaɓa ta kafin in miƙe. Innarki, maiɗakina, tana nan, keken ɗinkinta na ƙara daga safe har la'asar. Wayarta ta faɗa bahon wanki makon jiya, ba ta sake magana ba. Ni kuwa kin san kunnena, kin kuma san ra'ayina, maganar arziki ba a yin ta da ihu. Shi ya sa na ba direban motar da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Kada ki ji haushin sunan. Na san yanzu ke ce babba a ɗakin na'urori na jami'a, amma ranar da ƙanwata ta miƙo min ke a zani ba ki wuce ɗigon biro ba, kuma ni ban saba gyara abin da na riga na rubuta ba.

To, albishirinki. Na gama.

Kin tuna lambobin da nake kira gagarau a aji, waɗanda babu mai raba su ba saura sai ɗaya da su kansu, irin 7 da 13 da 31. Shekarun baya na tsinci wani jeri a tsohon littafi a laburaren makarantarmu: 31, 331, 3331, haka ana ƙara uku a gaba har zuwa 33,333,331. Su bakwai ne, kuma duk gagarau ne. Shafin da ke biye gara ta cinye shi. Bayan na yi ritaya na ce ni zan ƙarasa abin da gara ta hana duniya sani, na ɗauki ta takwas: 333,333,331, wato uku guda takwas da ɗaya a wutsiya.

Mara ce, ba cika ba, don haka biyu ba ta da hurumi a kanta. In kin tara alƙalumanta ashirin da biyar za ki samu, uku ta fita ke nan. Da ɗaya ta ƙare, biyar ma ta kama gabanta. Sauran sai da gumi. Dole a gwada ta da kowace gagarau har zuwa 18,257, domin daga nan in kin ninka lamba da kanta ta zarce ta. Su dubu biyu ne da 'yan kai. Biyu nake yi a rana, ɗaya bayan karin kumallo, ɗaya bayan azahar, a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Shekara uku cur, kwali uku a ƙarƙashin gado. Ranar Talata na yi ta ƙarshe, ta bar saura kamar 'yan uwanta.

Ga dalilin gaggawar. Tsofaffin ɗalibaina sun gina wa makaranta sabon ɗakin lissafi, za a buɗe ranar 12 ga Afrilu, ni ne babban baƙo. Shugaban makaranta ya tambaye ni me za a rubuta a bango, na ce lambata, a ƙasanta kuma a sa "GAGARAU, BABU MAI RABA TA". Ki saka ta a na'urarku, ki aiko min da shaida a takardar ofis, da hatimi, in karanta a gaban jama'a. Ba shakka nake yi ba. Mutanen yanzu ne ba sa yarda da biro.

Innarki na gaishe ki, ta ce in gaya miki lallai ki duba da kyau.

Naki,
Kawu


11 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa, a riƙa shan maganin ko da ta yi shiru. Ni lafiyata ƙalau, abinci kuma ina ci, Umma ce kawai take auna ni da ido daga nesa. A gaida Inna da keke.

Kawu, na saka lambar. Ko kofin shayina ban ajiye ba na'ura ta ba da amsa. Na zauna na daɗe ina kallon ta.

Abubuwa da yawa da ka faɗa daidai suke. Bakwai ɗin farko gagarau ne, babu ko tantama. Lambar mara ce, jimillar alƙalumanta ashirin da biyar ne, iyakar da ka sa ta 18,257 ita ma haka take. Da na ba abokan aikina labarin kwali uku, sai suka bar kujerunsu suka kewaye ni. Wani dattijo a cikinsu ya riƙe kai da hannu biyu, ya ce shi bai taɓa jin mutumin da ya yi irin wannan aiki da hannu ba. Wata kuma ta ce Allah ya ba ka haƙuri, ya ba iyalinka.

Sai dai, Kawu, in da hali, kuma in gwiwa ta yarda a sunkuya, da za a ɗan jawo kwalin farko a sake leƙa takardun ranar farko, wajen ƙananan lambobi, musamman abin da ke tsakanin sha uku da sha tara. Ba wai ina cewa wani abu ba ne. Kai ka koya mana cewa mai lissafi yakan waiwaya. Zancen fenti kuma, tunda akwai sauran wata guda, ina ganin babu laifi a ɗan dakata wa mai fentin, ko don bangon ya ƙara bushewa.

Takarda mai hatimi za ta ɗan jinkirta, shugaban sashenmu ya yi tafiya da makullin durowa.

Ranar taron ta faɗa tsakiyar jarrabawar ɗalibanmu, da ƙyar za a bar ni in motsa. Amma zuciyata tana wajen, fiye da yadda kake tsammani.

'Yarka,
Ɗigo


16 ga Maris

Ɗigo 'yar albarka,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa ta ji labari ta saki, jiya har bakin titi na taka ba sanda. Innarki ce dai ba ta jin daɗi kwana biyu, ta ɗinka wa wata hannun riga a baibai, abin da ban taɓa gani ba a shekara talatin da takwas.

Takardarki na karanta ta sau uku, na karanta wa mai aski, na karanta wa shugaban makaranta. Inda kika ce kin zauna kin daɗe kina kallon amsar, nan ya fi taɓa ni. Haka na yi ranar Talatar nan. Dattijon da ya riƙe kai ki gaishe min da shi, daga ji mutum ne mai ilmi. Matar da ta yi min addu'ar haƙuri ita ma na gode, amma ki gaya mata haƙurin an riga an yi shi, yanzu lokacin girbi ne.

Na yi dariya da kika ce in leƙa ƙananan lambobi. Har yanzu kina nan da halinki na aji uku, ki gama jarrabawa ki zauna kina duba ko kin rubuta sunanki daidai. Tsakanin sha uku da sha tara ai sha bakwai ce kaɗai, kuma an gama da ita tun ranar farko kafin azahar, a cikin gidan nan. Lambar da ta tsaya wa dubu goma sha takwas ba za ta durƙusa wa sha bakwai ba. Kwalin farko kuma shi ne can ƙurya, sai an ɗaga gado.

Bango ya bushe sarai, na taɓa shi da hannuna. Mai fenti ya fara shekaranjiya da shuɗin fenti, kowane uku tsawon kamu guda. Na sa kujera na zauna ina ƙirga masa, domin da farko bakwai ya zana ya ce ai duk ɗaya ne. Na ce masa a kan "duk ɗaya ne" na kori mutane daga aji.

Hatimi in bai samu ba kada ki damu. Takardarki ta isa, ita zan karanta, har da wurin kofin shayin.

Naki,
Kawu


20 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara tun kafin ka karanta. Lafiyata lau, amma tun da takardarka ta zo ban iya haɗiye abin kirki ba.

Laifina ne. Kunya ta sa na yi ta kewaye-kewaye har ka ɗauki jaje a matsayin barka. Shugabanmu bai yi tafiya ba, yana ofis, makullinsa na aljihunsa. Dattijon nan ba don sha'awa ya riƙe kai ba.

Lambar ba gagarau ba ce. Sha bakwai tana raba ta.

17 sau 19,607,843 ya ba da 333,333,331, babu saura.

Ban yarda da na'ura kaɗai ba, na ɗauki biro na yi yadda ka koya min, tsaye, ina sauko da alƙaluma ɗaya bayan ɗaya. A matakin ƙarshe hamsin da ɗaya ke rage wa mutum, sha bakwai kuma ta shiga cikinta sau uku cif. Na yi sau biyu ina fatan in yi kuskure.

Don Allah kada ka karanta takardata ta farko a gaban kowa, kuma a tsayar da mai fenti yau ɗin nan. A cikin tsofaffin ɗalibanka akwai injiniyoyi, kowa da waya a aljihu, kafin ka gama jawabi wani ya gwada. Ba zan iya jure a yi maka dariya a ɗakin da aka gina dominka ba.

Kai ka riƙe hannuna na rubuta uku ta farko a rayuwata. Na fi son ka yi fushi da ni a gida.

'Yarka,
Ɗigo


1 ga Afrilu

Inna,

Ina wuni, ya aiki, ya ƙoƙari. Ina fata jiki ya yi sauƙi.

Yau kwana goma sha biyu da na aika wa Kawu wata takarda mai nauyi, shiru kake ji. Kullum sai na je tasha, direba ya ce min "an kai" yana kallon wani wajen. Inna, ki gaya min gaskiya. Yana cin abinci? Ya yi fushi ne har ya cire ni daga 'ya'yansa? An tsayar da fentin? In abin ya kai in bar jarrabawar nan in taho, zan taho, ko me za a yi min a ofis.

Ki sa a gyara wayar nan don girman Allah.

'Yarki,
Ɗigo


4 ga Afrilu

Ɗigo,

Lafiya lau muke, kada ki taho. Ki yi haƙuri da rubutuna, na fi sabawa da alli a kan yadi.

Takardarki kwana tara ta yi a motar direban nan, a ƙarƙashin tsumman goge gilashi, ta iso da tabon man inji. Kafin nan fenti ya gama bushewa. Kawunki ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa, sannan ya ce in zo mu ɗaga gado. Abinci yana ci, amma kamar wanda aka sa dole. Ba da ke yake fushi ba. Da ni ne, kuma yana da dalili, bari ki ji.

Ranar da ya fara aikin nan ya ce ƙananan lambobi ba sa bukatar malami, ya yago takarda ya ba ni bakwai da sha ɗaya da sha uku da sha bakwai, shi ya fara daga sha tara. Na yi ukun farko, kowacce da saurarta. Na zo kan sha bakwai, ta shige sumul. Na kai masa na ce, Malam, wannan fa ta shiga. Ko kallon aikin bai yi ba. Ya zaro jan biro ya ja min layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya rubuta "Ki sake, ki natsu", ya ce lamba irin wannan ba ta faɗuwa tun kafin azahar. A gaban wata mai kawo ɗinki ya yi min haka. Na koma ɗaki raina a ɓace, na ninka a bayan littafin awo, ta dawo daidai. Sai na sake kwafe aikin a ƙasan jan layinsa, na rubuta "saura biyu", na kai masa. Ya ce yawwa, kin ga amfanin natsuwa.

Na yi niyyar faɗa masa washegari, Allah ya sani. Amma ke ba ki ga watan farko na ritayarsa ba. Ya shiga kicin ya jera min gwangwanaye daga babba zuwa ƙarami, har na zuba sukari a miya. Ya tsaya da agogo yana auna minti nawa ruwa ke yi ya tafasa. Mace ta zo awo, ya tambaye ta ƙugunta kashi nawa ne na tsawonta, mata uku na rasa a mako guda. Ranar da ya kama lambar nan gidan ya yi tsit, na ji ƙarar kekena. Na ce bari ya ɗan yi mako. Kuma na ga yana tashi da safe da walwala, yana aske gemu, yana da abin yi. Goben da zan faɗa ita ce ta yi shekara uku.

Da ya zo da zancen bango na ga abin zai fito fili. Ni na zuga shi ya rubuta miki, na ce mutanen yanzu sai da hatimi. Na ɗora miki kayan da na kasa ɗauka, ki yafe min.

Da muka ɗaga gadon, takardar tana saman kwali, aikina na farko da jan layinsa da "saura biyu" duk a shafi ɗaya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe kin sani." Na ce na sani. Tun ranar gaisuwa ce kaɗai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Innarki


8 ga Afrilu

Ɗigo,

Sallama. Ina lafiya. Gwiwa ta dawo bakin aikinta.

Na yi rabawar sau huɗu. Kin yi daidai. Ban cire ki daga ko'ina ba, kuma in kin sake kewaye-kewaye a kan lissafi sai na saɓa miki.

Na je na ga bangon. Ya yi kyau, abin haushin ke nan. Na gaya wa mai fenti halin da ake ciki, ya sosa ƙeya ya ce abu mai sauƙi, a mayar da ɗayan da ke wutsiya ta zama bakwai, ƙugiya kawai zai ƙara mata, wa zai sani. Na ce ni zan sani, kuma wata shekara ukun ce. Ya ce to a shafe da farin fenti a zana fure. Mai aski kuma shawararsa in kwanta ciwo ranar, ya ce da gwiwa irin tawa babu mai tuhuma. Ban ɓoye miki ba, na auna wannan shawarar fiye da yadda ya kamata.

Kwana uku na yi ina fushi da Innarki, fushi mai daɗi, irin wanda mutum ke da gaskiya. A na huɗu na sake ɗauko takardar don in ƙara wa fushin wuta, sai idona ya tsaya a kan rubutuna. Abin da ke ci min rai yanzu ba sha bakwai ba ce. Shekara talatin da biyu ina jan layin nan a littattafan mutane. Ina ta tunanin nawa ne a ciki na ja ba tare da na duba ba, don kawai na riga na san amsar da nake so. Kunya nake ji, Ɗigo, irin wadda ban taɓa ji ba.

Jiya ta kawo min shayi ta ƙi tafiya. Ta ce ita ba malama ba ce, amma abin da ya raba ƙyalle ya raba yadin da aka yanko shi. Tunda lambobina dubu biyu sun kasa raba uwar, to ba za su raba 19,607,843 ba. Na ce mata shayin ya yi sanyi. Bayan ta fita na zauna na bi maganar, na gwada guntun da sha bakwai shi ma, ya bar saura tara. Gaskiyarta ne. Babbar gagarau ce, kuma shaidar tana cikin kwalayena. Lambata dai 'yar gida biyu ce, gagarau sau gagarau, masu raba ta huɗu ne kacal a duniya in an haɗa da ɗaya da ita kanta. Ba abin da na nema ba ne.

Saura kwana huɗu. An kai rigata wajen guga, ban ce a kai ba, ban kuma ce a fasa ba.

Kawu


14 ga Afrilu

Ɗigo,

Muna lafiya, ina fata jarrabawa ta zo da sauƙi. Kawunki ya ce shi zai rubuta miki, amma na san zai tsallake wuraren da suka fi daɗi, don haka na riga shi.

Ya je. Da safe ya ce in sa mayafina mai kyau, bai ce don me ba.

Ɗakin ya cika har taga. Manyan mutane da furfura da tumbi sun matse a bencin 'yan makaranta, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. An rufe bangon da farin yadi, wanda ya yi masa kalmasa bai iya ba, amma ba wannan ya kai ni ba. Shugaban makaranta ya yi jawabi ya kira Kawunki gagarau sau biyar, kowane kira sai na ji kamar allura. Aka ja yadi, aka yi tafi. Na hango mutum biyu a baya sun fara zaro waya.

Kawunki ya miƙe ba sanda, ya ce su mayar da wayoyinsu aljihu, ba a shiga ajinsa da su. Wallahi suka mayar. Sai ya nuna bango ya ce, "Abin da ke rubuce a nan ƙarya ne, kuma ni na sa a rubuta. Akwai wadda ta gaya min tun shekara uku, na soke ta da jan biro ban duba ba. Maiɗakina, zo ki nuna musu."

Ɗigo, ni ban tashi da kaina ba. Matar shugaban makaranta ce ta tura ni. Ya miƙo min alli, allon sabo fil, babu wanda ya taɓa rubutu a kansa. Na fara, sha bakwai cikin talatin da uku. Kafin in kai mataki na uku sai na ji ɗaki ya ɗauka, tsofaffin nan suna bi na da baki ɗaya kamar 'yan aji ɗaya, a sauko da uku, a sauko da uku. Da muka zo hamsin da ɗaya na rubuta uku, na ja layi, na sa sifiri. Ya karɓi allin, ya bi aikin da yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, yana sa mutane jira. Sannan ya yi min maki babba a gefe.

Ya juya ya ce in akwai wanda ya taɓa yi wa irin wannan a aji, ya ɗaga hannu, shi zai nemi gafararsa. Can wani likita mai sanƙo ya ɗaga, sai na kusa da shi, sai ga hannuwa sun kusa rabin ɗaki, har da shugaban makaranta. Kawunki ya dube su ya ce bai yi zaton abin ya kai haka ba, kuma wasunsu ya tuna su sarai, sifirinsu na halal ne. Dariyar da aka yi har mai gadi ya leƙo. Likitan nan ya taso ya rungume shi, yana dariya yana share ido, ya ce littafinsa na aji uku yana nan zai kawo. Kawunki ya ce ya kawo. Ni kuka na yi sosai, ban ɓoye ba.

Kafin a watse ya sa mai fenti ya hau tsani ya ja layi ɗaya a kan "babu mai raba ta", ya hana a shafe, ya ce a bar shi yara su gani. A ƙasa aka rubuta 17 sau 19,607,843. Ya gaya wa jama'a ƙaramar tawa ce, babbar tasa. Na ga dai ya zaɓi babbar, na ƙyale shi.

Yanzu ga inda nake. Jiya da safe ya ɗauko sabon kwali, ya ce zai kama ta tara, mai uku tara. Na ce alhamdu lillahi, zan ji ƙarar kekena. Ashe ya jawo teburinsa ya kafa a ɗakin ɗinkina, jikin taga. Ya ce daga yau babu takardar da za ta shiga kwali sai na duba na sa hannu. Sau biyu jiya ina tsakiyar ɗinki ya tsaya a kaina da takarda yana gyaran murya. A ta biyun na kama shi ya manta bai sauko da uku ba, ya ce gwada ni yake yi.

Na yi ƙorafi, amma ke zan gaya wa gaskiya, shekara talatin da takwas bai taɓa tambaya ta ko ya yi daidai ba, kuma abin ya yi min daɗi. In na'urarki ta san inda wannan za ta tsaya, ki riƙe bakinki. Mu biyu za mu gano.

Innarki